Daga Keken Rubutu zuwa Faffaɗan Harafi: Tarihin Baƙaƙe Masu Ƙugiya a Cikin Na'ura

0. Gabatarwa

A unguwar Wadata ta birnin Yamai, a kewayen kasuwa da tashar motoci, akwai shagunan buga takardu da fotokopi, inda ake kai wasiƙun neman aiki da katunan biki da darussan makaranta. Wani lokaci malamin yaƙi da jahilci kan zo da jerin kalmomi ko sunayen ɗalibansa a cikin kile ta USB, don a fitar masa a takarda. Da an buɗe, sai a tarar ƙasa ta zama Æ™asa, ɗaki ya zama É—aki, ɓera ya zama É“era. Mai shago ya ɗora laifi a kan kile, malami ya ɗora a kan na'ura, daga ƙarshe a share tarkacen a sa k da d da b, a buga. Ta haka ne ɗalibi zai karanta kasa inda aka nufi ƙasa, baki inda aka nufi baƙi, bari inda aka nufi ɓari.

Rubutun malamin lafiyarsa lau. Abin da ya kuɓuce shi ne wani ɗan mataki a can cikin na'ura, inda ake juya jerin lambobin da aka ajiye su koma haruffa. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin tarihin wannan mataki, da nuna cewa ƙa'idar rubutun da ta tsaya ga siffar harafi, ba ta faɗi lambarsa ba, ta bar rabin aikinta a hannun sa'a.

1. Baƙaƙe huɗu kafin zuwan kwamfuta

Hausa tana da baƙaƙe huɗu waɗanda abjadin Latin bai tanadar wa siffa ba, su ne ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Turawan da suka fara rubuta harshen da boko kowa ya yi tasa dabara: wasu sun sa ɗigo a ƙarƙashin baƙi, wasu sun rataya masa ɗan waƙafi a gefe. A shekarar 1927 Cibiyar Nazarin Harsuna da Al'adun Afirka ta Landan, wadda Diedrich Westermann yake cikin jagororinta, ta fitar da shawarar cewa kowane sauti a ba shi harafinsa, kuma gara a ƙirƙiri sabon harafi da a dogara ga ɗigo, domin ɗigo yakan ɓace a rubutun hannu da na maɗaba'a. A cikin shekarun 1930 Ofishin Talifi na Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ya ɗauki ɓ, ɗ da ƙ, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma, wadda ta fara fitowa a 1939, ta yaɗa su. Baƙi na huɗu aka bar shi 'y, kuma haka ake rubuta shi a Nijeriya har yau.

A Nijar kuwa, makarantar mulkin mallaka da Faransanci kaɗai ta yi aiki. Sunayen garuruwa an rubuta su yadda kunnen Bafaranshe ya ji: Tahoua, Madaoua, Dogondoutchi. Ƙugiyar Maraɗi da ta Ƙonni ba su shiga takarda ba ko kaɗan. Sai bayan samun mulkin kai, da aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a 1963, bukatar ƙa'ida ta taso. Taron da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya tsara abjadin harsuna shida, ciki har da Hausa, kuma Nijar ta bi tsarin ninka dogon wasali, kamar yadda ake gani a sunan jaridar karkara Saabon Ra'ayii. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A watan Yuli na 1978 wani taron UNESCO a Yamai ya fitar da abjadin bai ɗaya na harsunan Afirka. A Janairun 1980 masanan Nijar da na Nijeriya suka zauna a Yamai ƙarƙashin cibiyar CELHTO ta Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka, suka daidaita rubutun ƙasashen biyu, aka bar ninka wasali. Dokar minista mai lamba 212 ta watan Oktoba 1999 ita ce ta tabbatar da abjadin Hausa na Nijar, da ƴ a cikinsa.

Ban da na ƙarshe, duk waɗannan matakai an ɗauke su ne da keken rubutu da dalmar maɗaba'a a zuci. Keken da ake shigowa da shi daga Faransa yana da é, è, ç da ù, amma ba shi da ƙ. Don haka magatakarda kan buga k, sannan ya bi da alƙalami yana ƙara ƙugiya a kan sitansil, ko kuma a kankare wani maɓallin da ba a cika amfani da shi ba a liƙa sabon harafi. Ƙarancin maɓallai ya kai Michael Mann da David Dalby, da suka sake duba abjadin 1978 a 1982, ga shawarar a yar da manyan haruffa gaba ɗaya, har suka zana tsarin maɓallai suka raɗa masa sunan Yamai. Shawarar ba ta sami karɓuwa ba. Amma abin lura shi ne, a wancan zamani siffar da ke kan takarda ita ce harafin. Ko da hannu aka ƙara ƙugiya, ido ya gani, magana ta ƙare.

2. Gurbi 128, gurbi 256

Kwamfuta lamba take ajiyewa. Ƙwayar lissafinta ita ce bit, mai hali biyu, 0 ko 1, kuma bit takwas su ne oktet ɗaya, wanda ke iya ɗaukar lambobi 256, daga 0 zuwa 255. Tsarin ASCII na Amurka, wanda ya fito a 1963 aka cika shi a 1967, ya raba gurbi 128 ga haruffan Ingilishi da alƙaluma da alamomi: A ta sami 65, a ta sami 97, k 107, z 122. Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a ɗakunan bincike na Bell wajen 1972, kuma wanda aka gina tushen Unix da Linux da Windows da shi, ya tashi da zaton cewa oktet ɗaya harafi ɗaya ne. Tsarin ISO 8859-1 na 1987 ya cika ragowar gurbi 128 da haruffan Yammacin Turai, é ta sami 233. Faransanci ya sami wuri, Hausa ba ta samu ba.

An yi yunƙuri. A 1983 aka fitar da tsarin ISO 6438 don ɗakunan karatu masu ajiye sunayen littattafan Afirka, da baƙaƙe masu ƙugiya a ciki, sai dai bai isa na'urorin ofisoshi ba. Abin da ya wanzu a aikace shi ne dabarar keken rubutu da aka maido cikin kwamfuta: a ɗauki zubin haruffa, a cire hoton wata alama da ba a cika bukata ba, a sa hoton ƙ a gurbinta. A Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya tsara irin waɗannan zubi a cikin shekarun 1990, suka kuma taimaka ƙwarai wajen buga littattafan Hausa. Ofisoshin ilimi da na yaƙi da jahilci a Nijar ma sun yi aiki da ire-irensu. A allo da takarda kome daidai yake, amma lambar da ke ajiye ta wata alama ce dabam. Ranar da takardar ta je na'urar da ba ta da wannan zubi, sai alamar asali ta bayyana. Kowane zubi kuma da gurbin da ya zaɓa, saboda haka rubutun ofishi ɗaya ba ya karantuwa a ofishi na gaba.

Nauyin wannan gado ya fito fili a farkon shekarun 2010, lokacin aikin DiLAF, wanda masana daga jami'o'in Faransa, ciki har da Chantal Enguehard da Mathieu Mangeot, suka yi tare da masanan Nijar da Mali, don ɗora ƙamusoshin Hausa, Barbarci, Tamajak, Zabarmanci da Bambara a intanet. Kafin a taɓa ma'anar kalma ko ɗaya, sai da aka zauna aka gano kowace alama wane harafi take wakilta a kowane zubi, aka yi jadawalin musanya.

3. Asalin faffaɗan harafi

Japan ce ta tilasta wa masu tsara harshen C suka sake tunani. Rubutunta yana da dubban alamomi, don haka tun 1978 ta kafa tsarin da ke ba kowace alama oktet biyu. Da aka gauraya wannan da haruffan Latin masu oktet ɗaya, sai aka sami rubutun da haruffansa ba tsawonsu ɗaya ba. Shi ake kira rubutu mai oktet da yawa. Irin wannan rubutu yana da sauƙin ajiya da aikawa, amma yana da wuyar ƙirga, domin ba a sanin inda harafi na goma yake sai an bi tara na gabansa ɗaya bayan ɗaya.

Maganin da ƙa'idar C ta 1989 ta kawo shi ne ma'auni na biyu, wchar_t, watau faffaɗan harafi: gurbi mai faɗi ɗaya tak, wanda kowane harafi zai shiga ya zauna shi kaɗai. Ana iya kwatanta abin da hatsi: a tasha yana zuwa cikin buhu manya da ƙanana, a kasuwa kuwa da tiya ɗaya ake auna shi. Ƙa'idar ta kawo umarnin juyi tsakanin ma'aunan biyu: mbtowc mai juya harafi ɗaya, mbstowcs mai juya jeri sukutum, da wctomb da wcstombs masu komarwa. Gyaran 1995 ya ƙara mbrtowc da mbsrtowcs, waɗanda ke riƙe lissafin inda aka tsaya idan rubutu ya zo gutsure-gutsure, da towupper mai maida ƙaramin harafi babba.

A daidai wannan lokaci aka fitar da Unicode, a 1991, da niyyar ba kowane harafi na duniya lamba ɗaya tabbatacciya. Baƙaƙen Hausa sun shiga tun bugu na farko, kamar haka:

Ɓ 385, ɓ 595
Ɗ 394, ɗ 599
Ƙ 408, ƙ 409
Ƴ 435, ƴ 436

Za a lura ɓ da ɗ sun yi nisa da manyansu. Dalili shi ne ƙananan an ajiye su a rukunin alamomin furuci na duniya, manyan kuma a rukunin ƙarin haruffan Latin. A ASCII tazarar babba da ƙarami 32 ce koyaushe. A nan tazarar Ƙ da ƙ 1 ce, ta Ɗ da ɗ 205, ta Ɓ da ɓ 210. Duk manhajar da ta dogara ga tsohon lissafi, take ta tsallake baƙaƙen Hausa, shi ya sa ake ganin kanun labari kamar ƙASA ko ɗALIBAI.

Saura yadda za a ajiye waɗannan lambobi, tun da sun wuce 255. A watan Satumba 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8: lamba daga 0 zuwa 127 oktet ɗaya, daidai da ASCII; daga 128 zuwa 2,047 oktet biyu; daga 2,048 zuwa 65,535 uku; abin da ya haura, huɗu. Tun wajen 2008 UTF-8 ya zarce sauran tsare-tsare a intanet, yau kuma fiye da kashi 95 cikin 100 na shafuka da shi aka rubuta su. Ke nan rubutun Hausa na boko ya zama rubutu mai oktet da yawa, domin kowane baƙi mai ƙugiya oktet biyu ne.

4. Yadda juyin yake gudana

A ɗauki ƙ. A ajiye, oktet biyu ce: 198 da 153. Mai juyi yana duba ta farko, ya ga ta faɗa tsakanin 192 da 223, alamar harafi mai oktet biyu ke nan. Sai ya duba ta biyu, ya tabbatar tana tsakanin 128 da 191, alamar ci gaba. Sannan ya ɗebe 192 daga ta farko, saura 6, ya ninka sau 64, ya sami 384. Ya ɗebe 128 daga ta biyu, saura 25. Jimla 409, watau ƙ. Haka ɗ, mai 201 da 151, take ba da 599.

Idan ba a yi wannan lissafi ba, aka karanta kowace oktet ita kaɗai da tsohon jadawalin Windows na Yammacin Turai, 198 ita ce Æ, 153 kuma ™. Asalin Æ™asa ta shagon Wadata ke nan. Wannan ɓarna tana gyaruwa, muddin ba a share ba, domin lambobin suna nan yadda suke, sake buɗewa da UTF-8 kawai ake bukata. Wanda ya share ya sa k, shi ne ya yi asarar da ba ta da magani sai sake karanta rubutun kalma bayan kalma.

Akwai wurare uku da juyin kan lalace. Na farko, duk manhajar C tana farawa ne cikin muhallin harshe na asali, mai suna "C", wanda bai san UTF-8 ba. Sai mai tsarawa ya kira setlocale tukuna mbstowcs zai san irin rubutun da aka miƙa masa. Layi ɗaya ne, mantawa da shi kuma ba ya nuna kansa ga wanda ya gwada aikinsa da Ingilishi kaɗai. Na biyu, yanka. Idan rajista ta ware wa suna oktet 20, yankan ya faɗa tsakanin 201 da 151, rabin ɗ ya rage. Umarnin mbrtowc zai ce harafi bai cika ba, mbstowcs kuwa zai ƙi jerin baki ɗaya, ya maido alamar kuskure, manhajar da ba ta duba wannan alama ba kuma tana iya fitar da gurbin suna fayau. Na uku, faɗin faffaɗan harafi kansa ba ɗaya ba ne: oktet biyu a Windows, huɗu a Linux. Windows ta zaɓi nata tun ana zaton gurbi 65,536 za su isa, kafin Unicode ta faɗaɗa a 1996 zuwa 1,114,112. Wannan bai taɓa bokon Hausa ba, amma ya taɓa Adlam, rubutun Fulatanci da ya shiga Unicode a 2016, wanda kowane harafinsa ke cin gurbi biyu a Windows.

Talaka ma yana biyan kuɗin wannan tarihi. Gajeren saƙon salula yana ɗaukar haruffa 160 idan duk suna cikin jadawalin GSM, wanda aka yi wa harsunan Turai. Ƙ guda ɗaya ta shiga, sai wayar ta koma ma'auni mai oktet biyu ga kowane harafi, saƙo ya koma 70. Wanda ya rubuta Hausa daidai yana iya biyan kuɗin saƙo biyu ko uku inda wanda ya yar da ƙugiya ya biya na ɗaya.

5. Abin da faffaɗan harafi bai warware ba

A ba na'ura kalmar ƙarƙashi. Umarnin strlen, mai ƙirga oktet, zai ce 10. Bayan juyi, wcslen zai ce 8. Masanin harshe kuwa 7 zai ce, domin sh baƙi ɗaya ne a abjadin Hausa, kamar ts, ƙw, ƙy, gw da gy. Juyi yana kai rubutu ga lambar Unicode ya tsaya, sanin harafin Hausa aikin wani mataki ne na gaba.

Haka abin yake ga jerantawa. In aka bi lamba zalla, duk kalmomin da suka fara da ƙugiya za su koma bayan z, a jere ƙ, ƴ, ɓ, ɗ, alhali ƙamus yana son ɓ bayan b, ɗ bayan d. Sai an ba na'ura jadawalin jeri na Hausa, irin wanda ke cikin muhallin ha_NG na Linux ko cikin taskar CLDR ta Unicode, wadda ta tanadi ha_NE domin Nijar.

Alhamza ta fi kowanne rikici. A sa'a da ma'aikata baƙi ce cikakkiya, amma alamomi uku ke takarar wakiltarta: miƙaƙƙiya mai lamba 39, lanƙwasasshiya mai lamba 8,217, wadda manhajojin rubutu kan sa da kansu, da mai lamba 700, wadda ita ce Unicode ta lissafa a matsayin harafi. Oktet ɗaya, uku da biyu ke nan. Ido ba ya bambanta su sosai, amma mai neman kalma a cikin tarin rubutu zai sami kashi ɗaya ya rasa biyu. In aka haɗa da bambancin ƴ da 'y, kalmar ƴaƴa tana da aƙalla siffa huɗu a na'ura.

Ga masu bincike kuma akwai alamomin karin sauti da tsawon wasali. Wasalin à yana da lamba tasa, ana kuma iya gina shi da a da alamar da ke hawa kanta, hanyoyi biyu ke nan na rubuta abu ɗaya. Dogon wasali mai faɗaɗɗen kari, da r̃, ba su da lamba guda, dole sai an harhaɗa. Sauran harsunan ƙasa ma suna da nasu: ɍ ta Barbarci sai a 2006 ta sami lamba, ǰ ta Tamajak kuma tana da lamba a ƙarama, babbarta sai an harhaɗa. Ajami, wanda sashen rubuce-rubucen hannu na cibiyar IRSH a Yamai ke ajiye da tarinsa, sai a 2016 da 2020 aka ƙara masa wasu haruffan da yake bukata, masu oktet uku kowanne.

6. Kammalawa

Tun daga 1927 zuwa 1999, tambayar da tarurruka suka yi ta amsawa ita ce wace siffa za a ba kowane sauti. Tun daga 1991 tambaya ta biyu ta ƙaru, wace lamba, kuma amsarta an fi barinta ga mai shagon buga takardu da mai tsara manhaja. A watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar. In har hakan zai kai Hausa cikin rajistar haihuwa da takardun jarrabawa da littattafan makaranta, to kowane Ɗanladi da kowace ƴar Ƙonni sai sunansu ya ratsa ta wannan juyi.

Bisa ga haka, abubuwa huɗu suna gaban masu tsara manufofin harshe. A haɗa wa dokar abjadi jadawalin da ke ba kowane harafi lambarsa ta Unicode, a kuma yanke hukunci a kan alhamza guda. A wajabta UTF-8 ga duk rubutun da hukuma za ta ajiye ko ta karɓa. A tattara littattafan yaƙi da jahilci da aka buga da zubin dabara, a juya su tun ana samun na'urori da mutanen da suka san wane gurbi ne na wane harafi. Sannan duk manhajar da za a saya wa ma'aikata a gwada ta da kalmomi irin su ƙarƙashi, ɗaiɗai, ɓaɓɓake da ƴaƴa: a ajiye su, a neme su, a jera su, a maida su manyan haruffa, a aika su wata na'ura a sake buɗewa, kafin a sa hannu a takardar ciniki.